Tsibin Mimun a Gwiwar Tsohuwa

Talata, 16 ga Afrilu

Masu keke sun dawo. Ƙanƙarar kan tudu ta narke, azumi ya wuce, to me zai hana su.

Ina zaune a ƙofar gida na ji su tun kafin in gan su. Ƙarar nan ta tsakuwa a ƙarƙashin taya, kamar ana soya sha'ir a kasko. Matata Ittu tana tankaɗe a tsakar gida, sai na ji rariya ta tsaya. Da wannan ƙarar muke sanin ɗanmu Mimun ya iso gida, shi kuwa kunne ba a gaya masa an yi mutuwa.

Na tashi na rufe ƙofa.

Shi ya tsara musu hanyar. Ya bi tsoffin turbobin alfadarai yana haɗa wannan da waccan: daga garin Azru a hau tudu, a yini cikin farin dutse ba inuwa ba ruwa, a gangaro ta ƙauyenmu, a sha kwana a Gwiwar Tsohuwa, a faɗa kwarin kogi. Na sha tambayarsa, mutanen da suka bar mota a gida, me ya kai su wahalar da kakanninmu suka mutu suna roƙon Allah ya raba su da ita? Sai ya yi dariya. "Baba, ai wahalar suka zo gani."

A Gwiwar ya tafi, kakar bara, wata rana bayan an yi ruwan sama. Yana gaba, baƙi na bayansa. Sun ce waiwayowa ya yi don ya ce musu su yi a hankali.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Bayan masallaci mun gangara Gwiwa ni da Ittu. Tsibin duwatsun yana nan yadda muka bar shi, a jingine da bangon dutse, bai kai ƙugu ba. Ranar da aka hauro da gawar Mimun daga kwazazzabo da igiya kowa ya ajiye dutsensa. Inda hanya ta ci mutum a nan ake tara masa. Mai wucewa ya ƙara ɗaya, ya yi addu'a, ya sauke gajiyarsa da abin da ke cin ransa a cikin dutsen, ya wuce. Ana ajiyewa, ba a ɗauka. Wanda ya ɗauka, ya ɗauki abin da aka sauke.

Kakata Hunnu tana da labarin wani marowaci da ya kwashe tsibin wani matafiyi ya gina garke. Gari ya waye, wannan tunkiya tana tarin tsofaffi, waccan tana ɗingishi tana nishi, ɗaya kuma a lungu tana kiran sunan ɗanta da muryar mace. Muna yara mukan yi ta dariya har ta iso kan ta ukun.

Muna tsaye sai ga Rahhu maƙwabcina da alfadararsa Zarwala, za su wurin niƙa a bakin kogi.

"Haddu, matsa. Kai da tsibin ban san wanda ya fi motsi ba."

Ya sunkuya ya ɗora nasa. "Allah ya jiƙan yaron. Shi kaɗai ne a gidanku ya iya gaisuwa."

Rana ɗaya aka yi mana kaciya da Rahhu. Tun ranar bai rufe baki ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Nawal ta zo daga birnin Miknas, yarinyar da suke aikin hanyar tare da Mimun. Ita ke magana da baƙi ta waya, shi ke jan su a ƙasa. Ta sumbaci kan Ittu, suka yi kukansu a ɗakin girki. Ta rame. Ban tambayi abin da ke tsakaninsu ba yana da rai, ba kuwa yanzu zan fara ba.

Mun raka ta Gwiwa. Ta ga Ittu ta ɗora dutse, ta ce, "Inna, me ya sa?" Ittu ta gaya mata. Nawal ta juyo gare ni.

"Baba Haddu, ka yarda in faɗa wa masu zuwa? Da yawansu sun san shi. Suna tambayata me za su yi."

Na ce hanya ta kowa ce. Dutse kuwa shi kaɗai ne gonakinmu ba su taɓa fashin haifarwa ba.

Ta ɗauki hoto.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na zauna a bisa, inda ake hango Gwiwa, ina kallo. Ba don komai ba, awaki ne suka yi nan.

Suna sauka daga keken. Suna cire hular kwano. Wani mutumin birnin Fas da furfura a gemu, sanye da wandon da ko matarsa bai kamata ta gan shi a ciki ba, ya ɗaga hannu ya yi fatiha yana kuka kamar ƙaninsa ne. Nasara biyu ba su san abin faɗa ba, suka tsaya kai a ƙasa. Kowa da dutsensa.

A da, mutum nawa ke bin Gwiwa a mako? Mu ne dai, da masu zuwa niƙa, da mai tallan gishiri.

Lahadi, 2 ga Yuni

Tsibin ya kai ƙirjina.

Laraba, 5 ga Yuni

Rahhu, ta saman katanga: "An ce ɗanka ya fi waliyyin kan tudu tsibi. Saura mata su fara ɗaura tsumma suna roƙon haihuwa."

Na ce in sun fara shi zan fara turawa, ko a samu hankali.

Da la'asar na hau tudu duba wata rijiya da ba ta bukatar dubawa. Na biya ta kabarin waliyyi. Gaskiyar Rahhu ce. Mutumin da ya yi ƙarni a kwance, yaron da bai shekara ba ya wuce shi. Astagfirullah. Na dawo ina tafiya kamar an rage mini shekara goma.

Ban gaya wa Ittu ba. Ta sani.

Litinin, 17 ga Yuni

Babbar Sallah. Mimun ne ke riƙe mini ƙafafun ragon. Bana Rahhu ya riƙe, yana ta mita wai wuƙata ta fi ni tsufa.

Ittu ta gasa hanta ta raba uku. Ta tsaya tana kallon farantin.

Asabar, 29 ga Yuni

Yanzu daga garuruwansu suke tahowa da dutsen a aljihu. Akwai baƙi mai sheƙi daga bakin teku, akwai ja, akwai wani kore da ban san ƙasar da ke haifarsa ba. Wasu an rubuta sunansa a jiki da fenti. Ittu tana shafa su da yatsa. Ba ta iya karatu ba, amma ta gane siffar sunan.

Abin da na lura. Dutsenmu fari ne, mai kaushi, duk huji, in ka ɗora shi kan ɗan'uwansa sai ya cije ya zauna. Nasu sumul ne, ruwa ya gama lashe shi. Ba ya zama. Iska ta kaɗa ko akuya ta hau, sai ka gan shi a tsakiyar hanya kamar ƙwai.

Na ture biyu da sanda. Da sanda ba ɗauka ba ne.

Talata, 9 ga Yuli

Rahhu ya shigo shan shayi, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya yi zancen fari, ya yi zancen maɓuɓɓugar da ta ja baya, wai tudun nan yana shanye ruwa ya hana mu, kamar yau ya fara. Kofi na uku sannan ya kai inda za shi.

"Jiya mangalar Zarwala ta gogi tsibin."

"Ka rage mata ci."

"Ba wasa nake ba, ɗan'uwana. Da can alfadari biyu na gittawa a wurin. Yanzu ƙafarta ta waje a kan gaɓa take takawa. Ina jin tsakuwa tana zuba ƙasa, ba na jin saukarta."

Na ce to me yake so in yi.

"Ban ce ka yi komai ba."

"To ka sha shayinka."

Ya sha. Ya tafi bai zage ni ba. Wannan ya fi damuna.

Lahadi, 14 ga Yuli

Wani saurayi daga Kazablanka ya zame a Gwiwa. Allah ya sa ta ciki ya faɗi. Ya zo gida Ittu ta wanke masa gwiwar hannu, fata ta saluɓe har ana ganin fari. Yana ta ba mu haƙuri wai ya rushe gefen tsibin, amma ya mayar, har ya ƙara biyu.

Ya ƙara biyu.

Nawal ta kira da yamma. "Baba Haddu, na rubuta musu su daina. Wallahi na rubuta. Amma hoton farko ya riga ya tafi inda ban sani ba, wasu ma ba ta wurina suke zuwa ba." Sannan ta ce, "Ni na jawo."

Na ce ba ita ta jawo ba, kuma kada ta hana kowa. Wa ya taɓa hana mutum yi wa mamaci addu'a?

Da na ajiye wayar Ittu ta dube ni. Ta daɗe tana dubana.

Juma'a, 26 ga Yuli

An tsayar da mu bayan sallah, dattawan jama'a a inuwar masallaci. Ba wanda ya ambaci sunan Mimun. "Wurin nan" suke cewa.

Liman, yaro ne daga kudu, mai karatu, ba laifi, ya ce wannan tara duwatsu ba shi da asali a addini, al'ada ce kawai, dutse ba ya ɗaukar ciwon kowa, kuma kawar da cuta daga hanya lada ne. Kowa ya ce haka ne, haka ne.

Na ce, "Madalla, Malam. Gobe da safe sai ka fara, lada ya zama naka."

Ya gyara rawani. Ya ce shi baƙo ne, bai kamata ya shiga gaban 'yan gari ba.

Aka juya kan 'yan gari. Wannan bayansa na ciwo, wancan matarsa na da ciki, wancan ba ya son ɓata mini rai. A ƙarshe tsoho Assu ya ce abin da duk suke nufi: "Si Haddu, jininka ne. In akwai mai taɓawa, kai ne. In ba ka taɓa ba, ba mai taɓawa."

Na ce to an gama magana ke nan.

Na dawo gida ina jin na ci nasara. A kan wa, ban sani ba.

Asabar, 3 ga Agusta

Ya fi ni tsawo. Sai na ɗaga hannu nake ɗora nawa.

Alhamis, 15 ga Agusta

Zarwala ta faɗa.

Juma'a, 16 ga Agusta

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba.

Da hantsi ne. Suna haurowa daga niƙa da buhu biyu na gari. Ta taka ɗaya daga cikin masu sulɓin, ƙafar baya ta tafi. Rahhu yana riƙe da linzami, kuma maimakon ya saki, wawan tsoho, sai ya naɗe a hannu ya ja. Ta ja shi. Shi wata bishiya ta tare shi a ƙasa kaɗan. Ita ba abin da ya tare ta.

Da igiyar da aka hauro da Mimun aka hauro da shi. Igiya ɗaya ce mai tsawon a ƙauyen nan. Ƙugunsa ya karye, fuskarsa fari fat da gari kamar an riga an shirya shi. Bai yi ihu ba. Abin da yake ta faɗa, "Tana da rai, ku ji, tana da rai."

Tana da rai. Ana jin ta daga sama. Sai bayan azahar samari biyu suka zagaya ta bakin kogi suka isa wurinta da wuƙa. Duk tsawon lokacin ƙauye shiru, mata sun shige ɗaka sun rufe tagogi, kuma ana ji.

Garin ya zuba a jikin gangaren, dogon farin layi har ƙasa. Yana nan. Ba ruwan da zai wanke shi kafin kaka.

Da yamma wasu masu keke huɗu suka wuce. Ba su san komai ba. Suka sauka, suka cire hula, suka ɗora.

Talata, 20 ga Agusta

Na shiga motar kasuwa na je asibiti a Azru. An sa masa ƙarfe. Ya ƙanƙance a gadon, kamar an wanke shi ya tsuke.

"Ka zo ganin ko na mutu? Ban mutu ba. Ka koma."

Na ajiye masa ɓaure da burodin Ittu. Na zauna. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ce Allah ya kiyaye gaba.

"Wanda ta taka, baƙi ne, mai sheƙi," in ji shi, yana kallon silin. "Na gan shi. Kyakkyawa. Wani ya ɗauko shi tun daga teku saboda ɗanka." Sai ya juyo ya dube ni. "Nawa ma suna ciki, Haddu. Duk zuwa niƙa ina ɗorawa. Kada ka zo mini da wannan fuskar."

Na ce wace fuska.

"Ta wanda yake so a zage shi ya samu sauƙi. Ba zan zage ka ba. Ka je ka nema wani wuri."

Da zan fita ya kira ni. "Da na mutu a wurin, ina za ku tara nawa? Ba fili."

Yana dariya har ƙarfen ya sa shi tari. Ni ban yi ba.

Litinin, 2 ga Satumba

Muƙaddam ya zo, wakilin hukuma, da takalminsa mai tsini da bai dace da garinmu ba. Ya yi ta'aziyya ta biyu, ya sha shayi, ya yaba zumar. Sannan ya ce magana ta kai sama. A watan gobe masu keke za su yi babban taro na cika shekarar rasuwar Mimun, ɗaruruwa, kowa da dutsensa, kuma hukuma ba za ta jira gawa ba. Da an gama cire tuffa za a turo ƙaramar katafila.

Na ce ta kai su ina.

Ya nuna da haɓa. Ƙasa. Kwazazzabo.

Ittu tana bakin ƙofa, ba ta saba magana gaban baƙi ba. Ta ce, "Sau ɗaya ya faɗa wurin nan. Ba zai faɗa sau biyu ba."

Muƙaddam ya ce, "Lalla Ittu, duwatsu ne."

"To ka zo da katafilar. Za ka same ni a zaune a gabanta, ka haɗa da tsohuwa."

Za ta yi. Na san wadda na aura.

Asabar, 7 ga Satumba

Mata sun daina bin Gwiwa. Suna zagayawa ta bayan tudu zuwa lambunan kogi, tafiyar rabin yini, da kaya a baya. Suna wuce ƙofata suna gaishe ni da ladabi. Da sun zage ni da ya fi.

Laraba, 11 ga Satumba

An dawo da Rahhu. Likita ya ce zai taka, da sanda, a fili. Gangara kuwa sai dai a ba shi labari. Lambunsa na bakin kogi, wanda ubansa ya tsince wa duwatsu da hannu, zai bai wa surukinsa.

Ta katanga nake jin sandar. Ƙwas. Shiru. Ƙwas.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na gangara da sassafe, ni kaɗai. Na zauna a gaban tsibin.

Ban taɓa kallon ɗaya gefen da kyau ba, gefen gaɓa. Kullum tsibin nake kallo. Ba komai a wurin. Ba katanga, ba ko dutse ɗaya da zai tare taya ko kofato. Tun zamanin kakata haka yake, kowa ya san wurin, kowa na rage tafiya, ba wanda ya taɓa tunanin a sa wani abu. Duwatsu sun fi mutum tsawo a hannun dama, inda ba mai faɗawa. A hagu iska.

Na tuna tunkiyar nan ta uku. Na yi ta tunaninta. Sai na ga ai mun riga mun ji muryarta a gidanmu, kowace safiya, tun bara.

Na dawo ban taɓa komai ba.

Talata, 17 ga Satumba

Wani fari babba ya gangaro tsakiyar hanya. Sanda ba ta iya ture shi ba.

Na tsaya. Na duba sama, na duba ƙasa, ba kowa. Na ce bismillah.

Nauyin dutse ne da shi. Iyakarsa ke nan, a hannu dai. Ban san inda zan kai shi ba, mayar da shi sama ba zai zauna ba, sai na taka zuwa gaɓa na kafa shi a bakin, na danna da ƙafa. Ya cije.

Shi kaɗai ya yi kama da maraya. Na kawo masa na biyu.

Alhamis, 19 ga Satumba

Bayana. Da ƙyar na yi ruku'u.

Ittu ta ga tafin hannuna wurin cin abinci, duk farin ƙura a tsagogin. Ta ajiye burodinta. Ta tashi ta shiga ɗaka. Har magariba ba ta fito ba, ba ta kuma yi mini magana ba.

Ciwon wa na ɗauko, ban sani ba. Ko na mutumin Fas ne. Ko kuwa na tsoho ne mai shekara saba'in da ya yini yana sunkuyo.

Laraba, 25 ga Satumba

Katanga nake ginawa a bakin gaɓa da duwatsun tsibin. Manyan farare a fuska biyu, ciki da waje, kowane a kan gaɓar biyu na ƙasa, yadda ubana ke yin katangar gona. Masu sulɓin, na teku da na kogi, ba sa ginuwa. Amma in ka zuba su a tsakiya, cikin cikin katangar, sai su cike kowane gurbi, su kuma rasa inda za su gangara. Masu suna a jiki ina juya sunan sama kafin in rufe.

Ƙauye ya sani. A masallaci Assu ya ba ni kan yatsu, ya goge a jallabiya yana tsammanin ban gani ba. Matar da ke kawo mana madara ta aiko a ce saniyar ta ƙafe. Su suka ce ni kaɗai zan iya taɓawa. Ba su ce za su ci abinci da ni bayan na taɓa ba.

Liman ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce Allah ya saka. Hannunsa a baya.

Ittu kwana nawa ke nan, daga "ga abinci" sai "ga ruwa".

Juma'a, 4 ga Oktoba

Ina aiki na ji takunta. Ban waiwaya ba. Ta tsaya a bayana, ta daɗe. Tsibin ya dawo ƙugu, katangar ta kama daga farkon kwanar har ta wuce inda tayar Mimun ta bar hanya.

Na kai hannu kan wani mai faɗi, mai jan tabo a gefe.

"Ba wannan ba."

Na tsaya.

"Nawa ne. Na ranar farko. Kada ka binne shi a ciki, tsoho. Ka sa shi a sama. Can, daidai wurin."

Na sa shi. Ta ce ya karkace. Na gyara. Ta ce da can ya fi. Na mayar.

Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Amma ta zauna a kan katangar, ta juya baya ga kwazazzabo, ta kwance ƙullin burodi da zaitun. Da dare ta shafa mini man zaitun mai ɗumi a baya, tana faɗa wai ko jaki ya san lokacin hutawa.

Litinin, 14 ga Oktoba

Muƙaddam ya zo ya auna hanyar da ido, ya bubbuga katangar da takalminsa mai tsini. Ya ce dama katafilar tana wani aiki.

Na bar ɗan kaɗan a jikin bango, na ranar da aka hauro da Mimun. Bai kai gwiwa ba. Wanda bai sani ba zai wuce bai gani ba. Na tsaya ina kallonsa, na ji kamar yau aka gaya mini.

Waliyyi ya koma kan gaba. Allah ya ba shi haƙurin abin da ya wuce.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Sun zo. Tun hantsi suke zubowa daga kan tudu kamar an buɗe garke, har bayan azahar ba su ƙare ba. Nawal tana gaba, a gurbin Mimun. Ta tsaya a Gwiwa ta dubi bango, ta dubi gaɓa, ta rufe baki da hannu.

"Baba Haddu, wa ya taya ka?"

Na ce wa zai taya ni.

Kowa da dutse a hannu, suna waige-waige, ba su ga abin da suka gani a hoto ba. Wata yarinya ta tambaye ni da Larabcin birni ina za ta sa. Na nuna mata ƙarshen katangar, inda na tsaya. Akwai sauran bakin gaɓa da yawa a buɗe. Na ce farare a gefe, masu sulɓi a tsakiya. Ta faɗa wa na bayanta, na baya ya faɗa wa na bayansa. Ginin nasu abin kunya ne. Dole in sake shi duka.

An kawo Rahhu a kan jakin surukinsa, mutum biyu na riƙe da shi, wai sai ya gani da idonsa. Ya bi katangar da kallo daga farko har ƙarshe.

"Ta yi ciki a tsakiya. Ubanka da ya gani da ya yi kuka."

Na ce ya sauko ya gyara.

Ya miƙo mini hannu, duka tafin, ya riƙe nawa ya ƙi saki, a gaban Assu da kowa. "Zarwala fa?" in ji shi a hankali. "Ba wanda ya ɗora mata ko ɗaya."

Na ce ba a yi wa dabba.

Na sa mata ɗaya bayan sun tafi. Baƙi, mai sheƙi. A tsakiya.

Talata, 29 ga Oktoba

Sanyi ya sauko, an ce ƙanƙara ta zuba a saman tudu. Madara har yanzu ba ta dawo ba. Bayana yadda yake.

Da hantsi wasu 'yan baya suka gangaro, uku ko huɗu, na ƙarshen bana ke nan. Ina ƙofar gida. Ƙarar ta taho tun daga sama, sha'ir a kasko, ta wuce mu, ta yi ƙasa. Rariya ta tsaya. Na bi su da kunne har Gwiwa, na ji birki, na ji shiru, sannan can ƙasa na ji ta ci gaba.

Rariya ta ci gaba.

Ittu ta ce, "Ba za ka rufe ƙofar ba? Sanyi na shigowa."

Na ce hayaƙi ne ya yi yawa a gidan.

Ba ta hura wuta ba tukuna.